Shata Magana Kafin a Tsoma Alƙalami

A yau, in Allah Ya yarda, za mu yi magana a kan wata ɗabi'a ta ma'abota alƙalami wadda, duk da girman fa'idarta da ƙanƙantar wahalarta, take neman kuɓucewa daga hannun 'ya'yanmu da ƙannenmu, wato mutum ya zauna ya shata abin da zai faɗa, ya jera kanun maganarsa ɗaya bayan ɗaya a 'yar takarda, tun kafin ya rubuta jimlar farko ta wasiƙa, ko maƙala, ko huɗuba, ko littafi.

Duk malamin da ya taɓa zama da tulin takardun insha'i yana dubawa, da akawun da takardun koke suke ratsa teburinsa, da editan da wasiƙun masu karatu suke iske shi kowace safiya, sun san irin rubutun da nake so mu guje wa. Shi ne rubutun da mai shi yake da gaskiya, yake da abin faɗi, har ma harshensa yake da zaƙi, amma sai ka ga ya faro daga tsakiya, ya dawo farko, ya tuno wani abu ya saki wanda yake kai, ya maimaita a shafi na uku abin da ya riga ya faɗa a na ɗaya, har takarda ta ƙare ba a gane abin da yake so a yi masa ba. Galibi akan ɗora laifin a kan ƙarancin ilimi ko raunin nahawu, alhali kuwa sau da yawa abin da ya faru shi ne mutumin ya ɗora wa kansa aiki biyu a lokaci guda, yana neman abin da zai faɗa yana kuma neman yadda zai faɗe shi, shi kuwa hankali, in aka raba shi gida biyu, ba ya cika ko ɗaya. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wataƙila wani ya ce a ransa, ai wannan darasi ne na makarantar boko, Turawa ne suka zo mana da shi tare da alli da baƙin allo. Wanda ya faɗi haka, ina roƙonsa ya koma zauren malaminsa ya ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafin da da wuya a sami garin da ba a karanta shi a ƙasar Hausa. Zai tarar tun a muƙaddima mawallafin ya faɗi cewa roƙonsa aka yi ya rubuta, ya faɗi cewa don yara masu koyo aka nufa, ya ambaci abin da littafin zai ƙunsa, sa'an nan ya yi alkawarin rarrabe shi babi babi domin ya kusanci fahimtar almajirai. Mutum kuwa ba ya ɗaukar irin wannan alkawari sai ya riga ya hango littafinsa daga farko har ƙarshe. Haka nan Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ya faro da hukuncin ruwa da tsarki ya ƙare da rabon gado, har ya zama tamkar yana bin mukallafi ne daga alwalar da yake yi kowace asuba zuwa dukiyar da zai bari bayan ransa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya fi kowa fito da wannan al'amari a sarari. Da ya ƙudurta wallafa Ihya'u Ulumiddini, sai ya kasa shi rubu'i huɗu, na ibada, da na al'adun zaman duniya, da na halaye masu halakarwa, da na halaye masu tserarwa, ya sa littattafai goma a ƙarƙashin kowane rubu'i, arba'in ke nan, ya buɗe da littafin ilimi ya rufe da na tuna mutuwa da abin da ke bayanta. Bai kuwa ɓoye dalilinsa ba, domin ya bayyana a muƙaddima cewa daga cikin abubuwan da suka sa ya zaɓi wannan kasafi akwai ganin da ya yi zukatan ɗaliban zamaninsa sun karkata ga fiƙihu, shi kuwa fiƙihu rubu'i huɗu aka saba kasa shi, sai ya yi wa littafinsa irin wannan siffa don ya jawo su da lallami zuwa ga ilimin gyaran zuciya. Ku duba fa, jama'a, mutumin da ya san mai karatunsa, ya san abin da zai sa shi ya buɗe littafin, ya kuma san inda yake so ya sauke shi.

A nan gida ma haka abin yake. Lokacin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, risalarsa a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, babi takwas ya yi ta, ya fara da kyautata niyya, ya bi da kwarjinin sarki, da tsarin masarauta, da taka-tsantsan a gida da wurin tafiya, da bin diddigin al'amura, da adalci a hukunci, sa'an nan ya ƙare da tara dukiya ta hanyar halal da ciyar da ita inda ya dace. Wanda ya lura zai ga maganar ta taso ne daga zuciyar sarki tana faɗaɗa sannu sannu har ta kai baitulmali, ta yadda in aka ɗauke babi guda aka sa shi a gurbin wani sai hikimar ta ragu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a cikin Ihya'us Sunna, babi 33 ya yi, kusan duk a zubi ɗaya, ya kawo hanyar sunna a kan mas'ala sa'an nan ya kawo abin da mutane suka ƙago na bidi'a a cikinta, saboda haka almajirin da ya karanta babi biyu ya riga ya san yadda zai bi sauran. Ashe ke nan gadonmu ne muka sake, muke jira wani ya tuna mana.

To, mece ce fa'idar wannan aiki ga wanda ba Gazali ba, ba kuma Magili ba, wanda iyakar buƙatarsa ita ce ya rubuta takardar neman aiki ko jawabin da zai karanta a taron ƙungiya?

Fa'ida ta farko, wadda a ganina ita ce uwar sauran, ita ce tsari yana faɗa wa marubuci gaskiya game da kansa. Matuƙar magana tana cikin zuciya, mai ita yakan zaci ya mallake ta gaba ɗaya, domin zuciya ba ta nuna gurbin da babu kome. Amma da zarar ya jera kanu biyar a takarda, ya ce bari in sa wa kowanne hujjarsa, sai ya tarar uku suna da abin da za su tsaya a kai, na huɗu na farko ne ya sake riga ya dawo, na biyar kuwa ji ne kawai ya ji ana faɗa bai taɓa tabbatarwa ba. A nan akwai abin lura a tarihin Sahihul Buhari. Malaman hadisi sun daɗe suna cewa fiƙihun Imamu Buhari, wanda ya rasu a 870, a cikin kanun babobinsa yake, kuma Ibn Hajar ya kawo a muƙaddimar sharhinsa cewa waɗanda suka kwafi littafin daga asalin da ke hannun Firabri, almajirin Buhari, sun tarar da wasu kanun babobi da ba a rubuta kome a ƙarƙashinsu ba, da wasu hadisai da ba a ɗora musu kai ba. Malamai sun yi bayanai dabam dabam a kan haka, daga ciki akwai masu cewa Buhari ya kafa babin ne bai sami hadisin da ya cika sharaɗinsa ba, sai ya bar wurin fari. Ko wane bayani aka ɗauka, darasin da ya shafe mu a fili yake: kan magana da aka bari babu kome a ƙarƙashinsa yana kiran mai shi ya koma bincike, ko ya haƙura ya janye da'awarsa, alhali wanda ya tsunduma cikin rubutu kai tsaye, in ya iso irin wannan gurbi, da kalmomi masu daɗi yakan cike shi, ya yaudari mai karatu bayan ya fara yaudarar kansa.

Fa'ida ta biyu ita ce gyara yana da arha a wannan mataki. Ku dubi masu aikin babbar riga a Zariya ko Kano ko Bida: kafin allura ta taɓa yadi, sai mai zane ya ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan ƙirjin rigar, a duba a ga ta zauna daidai, in an ga karkata a goge a sake, ba a yi hasarar ko zare guda ba, amma in sai bayan wata uku ana ɗinki aka gane kuskuren, to warwara ta wajaba, kuma ko an warware yadin ba ya komawa yadda yake. Mutumin da ya rubuta shafi ashirin sa'an nan ya gane cewa abin da ya sa a ƙarshe shi ya kamata ya zo da fari, yana tsakanin abu biyu, ko ya rushe aikin mako guda, ko ya rufe ido ya miƙa shi a karkace. Ɗan Adam kuwa, da yake yana da tausayin guminsa, galibi na biyun yakan zaɓa. Da a 'yar takardar tsari ya ga wannan, da jan layi guda ya ishe shi.

Fa'ida ta uku ita ce awo, wato a ba kowace gaɓa ta magana rabonta gwargwadon nauyinta. Ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa aka ba shi kan insha'i, ya ga ana ta rubutu hagu da dama, yakan ji kamar minti biyar da zai ɓata wajen jera kanunsa hasara ce, sai ya afka wa gabatarwa ya yi ta ƙawata ta har rabin lokaci ya wuce, a ce a ajiye alƙalami bai kai ga hujjarsa mafi ƙarfi ba, balle kammalawa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Mu ma da muke aiki a gidan rediyo wannan hukunci yana kanmu, domin mintocin da aka yanka wa shiri ba sa ƙaruwa don mai magana bai gama ba, kuma mai sauraro, saɓanin mai karatu, ba shi da shafin da zai juya baya ya duba abin da ya wuce shi. In ba a jera masa magana yadda kowace gaɓa za ta riƙo hannun mai bi mata ba, da zarar zaren ya tsinke masa sau ɗaya, sai ya murɗa akwatinsa ya nemi wata tasha.

Wannan ya kawo mu ga fa'ida ta huɗu, wadda ta shafi haƙƙin wanda aka rubuta dominsa. Lokacin mutum amana ne, kuma marubucin da ya ƙi wahalar da kansa da tartibi, ya zube wa mai karatu tunaninsa yadda ya faɗo masa, ya mayar da wahalar ne a kan bayin Allah da yawa, kowa ya zauna yana tsintar abin da mutum ɗaya ya ƙi jerawa. Wurin da aka fi ganin nauyin wannan shi ne zauren shari'a. Alƙalin da ya san aikinsa ba ya rubuta hukunci yadda ya ga dama: da'awar mai ƙara ce farko, sai amsar wanda ake ƙara, ko iƙirari ko inkari, sai shaidu ko rantsuwa, sai i'izari, inda ake tambayar wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran abin faɗi, sa'an nan hukunci da hujjarsa. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a sun sha rushe hukunci saboda an tsallake i'izari kaɗai, domin gaɓar da aka ƙetare a takarda haƙƙin wani ne aka ƙetare.

Akwai kuma fa'ida ta biyar ga wanda aikinsa zai ɗauki watanni ko shekaru, domin zuciya mai mantuwa ce, kuma abin da mutum ya ƙulla a Muharram ba lalle ya tuna shi a Rajab ba. Charles Dickens, shahararren marubucin ƙagaggun labarai na Ingila, ya kasance yana fitar da littattafansa kashi kashi, wata bayan wata, abin da kuwa aka riga aka buga aka sayar ba shi da halin janye shi. Tun daga labarinsa na attajiri Dombey da ɗansa, wanda ya fito daga 1846 zuwa 1848, ya riƙi al'adar yi wa kowane kashi takardar tsari: a gefe guda ya rubuta wa kansa tambayoyi, ko a kawo wane a wannan watan, ya amsa da i, ko a'a, ko tukuna, a ɗaya gefen kuma ya jera babobin da abin da zai faru a kowanne. Da wannan ne ya iya riƙe mutane masu yawa a cikin labari guda ba tare da wani ya ɓace masa a hanya ba.

Yanzu bari mu saurari masu musu, domin suna da magana, kuma ba a yi musu adalci ba in aka ƙi jinta. Sukan ce rubutu baiwa ce da ilhami, kuma wanda ya ɗaure kansa da jadawali ya toshe ƙofar da hikima take shigowa ba zato, sai rubutunsa ya fito busasshe. Gaskiya ne akwai tunanin da ba ya zuwa sai alƙalami yana tafiya, kuma gaskiya ne wanda ya mai da tsarinsa nassi, ya ƙi karɓar abin da ya fi shi kyau don kawai ba ya cikin jeri, ya cuci kansa. Amma tsari ijtihadi ne na marubuci, kuma mai ijtihadi yana da damar sauka daga ra'ayinsa in hujja ta bayyana masa. Shi kansa Dickens, a shirinsa na farko, ya yi nufin wani saurayi a cikin wancan labari ya lalace, daga baya ya shawarci amininsa ya sake shawara ya tserar da shi. Abin da ya sa ya iya yin wannan canji ba tare da labarin ya rushe ba shi ne yana ganin inda kowane zare ya nufa. Ku dubi ma mawaƙanmu na rubutacciyar waƙa, waɗanda ba mai musun baiwarsu: kafin baiti na farko ya zauna sai sun tsai da kari, sun tsai da ƙafiya, sun san ko 'yar ƙwar biyu za su yi ko 'yar ƙwar biyar, da yawansu kuma da sunan Allah da salati suke buɗewa, su rufe da addu'a da ramzin shekara, kuma a cikin wannan ƙaidi ne fasaharsu take bayyana. Wanda kuma ɗabi'arsa ita ce sai ya rubuta yake gane abin da yake nufi, to ya rubuta, amma ya ɗauki abin da ya fito a matsayin daftari, ya koma ya fitar da kan kowane sakin layi a gefe, ya dubi jerin da idon basira, sa'an nan ya sake rubutawa. Ya dai jinkirta tsarin ne, bai kuɓuta daga gare shi ba.

Yadda ake yin abin kuwa ba shi da wuya. A ce mutanen wani ƙauye ne famfon burtsatsensu ya lalace, suka wakilta ɗayansu ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma. Kafin ya fara jero gaisuwa da kirari, sai ya rubuta maƙasudinsa a jimla guda: muna roƙo a gyara mana famfo kafin bazara ta tsananta. In ya kasa faɗin buƙatarsa a jimla guda, to bai shirya ba tukuna. Sa'an nan ya tuna wanda zai karanta, mutum ne mai takardu da yawa a gabansa da lokaci kaɗan. Sai ya zubo duk abin da ke ransa ba tare da zaɓe ba: yaushe famfon ya tsaya, gida nawa suke sha daga gare shi, ina mata da yara suke zuwa ɗebo ruwa yanzu, me mutanen gari suka riga suka yi da kuɗinsu, me makaniki ya ce ya lalace, da tsohuwar rigimarsu da ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Bayan haka sai ya tankaɗe, ya fitar da rigimar nan, domin ko da gaskiya ce ba ta gyara famfo. Ya sa buƙata a gaba, dalilai su biyo ta daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, ya rufe da abin da su mutanen gari suka ɗauki alkawarin yi. Kan da ya ga ba shi da tabbacinsa, kamar adadin gidaje, sai ya tashi ya je ya ƙirga kafin ya rubuta. Aikin nan duka bai fi a yi shi tsakanin Magariba da Lisha ba, kuma hanyar ɗaya ce ko da alƙalami za a rubuta, ko da kwamfuta, ko a waya za a tura. Hasali ma, yanzu da aikawa ta zama dangwale guda, kuma abin da ya fita ba ya dawowa, buƙatar tsayawa a jera magana ta fi ta da.

Kirana na ƙarshe ga malaman makaranta ne, na boko da na Islamiyya, domin a hannunsu wannan ɗabi'a za ta rayu ko ta mutu. In kun ba yara insha'i, kada ku karɓi rubutun sai kun fara ganin takardar tsarinsa. Ku duba ta, ku ba ta maki nata na kanta, ku tambayi yaro me ya sa wannan kai ya riga wancan, ku bar shi ya kare zaɓinsa ko ya gyara. Yaron da ya saba amsa wannan tambaya yana da shekara goma sha biyu, in ya girma ya zama alƙali, ko limami, ko sakataren ƙungiyar manoma, zai san abin da zai fara faɗa da abin da zai bari, kuma jama'ar da ke sauraronsa za su huta.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma sa mu iya isar da shi.